Netwok na gida ko na ofis ya koma tafiyar hawainiya: kurakuran da aka fi yi wajen gyara

Tsakanin kwamfutarka da shafin da kake son buɗewa akwai zango biyar: katin sadarwar kwamfutar, kebul ko Wi-Fi, suwic (akwatin da ke haɗa kebul ɗin na'urori da yawa) idan akwai shi, rauta (na'urar da ke raba intanet a gidan), sannan layin kamfanin intanet. Huɗun farko duk suna cikin ginin da kake zaune. Amma da zarar kiran bidiyo ya fara tsinkewa, na biyar ɗin ake ɗora wa laifi. A kira kamfani a yi faɗa, a cire wutar rauta a mayar, daga ƙarshe a fara maganar sayen sabuwa. Kusan duk kurakuran da ke ƙasa uwarsu ɗaya: ana ba da magani ba a san inda ciwon yake ba.

Zargin intanet tun ba a gwada cikin gida ba

Gwajin da zai raba gardama ba ya cin minti biyar. A Windows, buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig, ka duba layin da aka rubuta Default Gateway. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin rautarka, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Sai ka rubuta ping -t da wannan adireshin, umarnin da ke aika ɗan saƙo ya auna lokacin da amsa ke ɗauka kafin ta dawo. Harafin t ɗin nan yana da amfani, don idan babu shi Windows saƙo huɗu kawai take aikawa ta tsaya, kuma matsalar da ke zuwa tana tafiya ba ta cika bayyana a saƙo huɗu ba. Bar shi ya yi ta gudu. Buɗe wata tagar kuma ka yi ping -t 8.8.8.8, wato sabar Google, ka jera su biyun kana kallo.

Idan ta kebul kake, ya kamata rauta ta riƙa amsawa cikin milisakan 1 ko ƙasa da haka. Ta Wi-Fi mai lafiya, 'yan milisakan kaɗan. Idan ka ga lambar tana tsalle zuwa 300 ko 800, ko Request timed out yana shigowa jefi-jefi, to ba ruwan kamfani, saƙonka bai ma fita daga gida ba ya fara tuntuɓe. Idan kuwa rauta na amsawa tsaf amma 8.8.8.8 ce ke ɓacewa, to daga rauta zuwa waje ne, kuma yanzu kana da abin faɗa wa kamfanin wanda ya fi "netwok ba kyau": ga lokacin da abin ke faruwa, ga yawan saƙon da ke ɓacewa, kuma ta kebul ka gwada.

Akwai yanayi na uku: dukkan biyun suna amsawa lafiya, amma shafuka na jan ƙafa kafin su fara buɗewa, ko su ƙi gaba ɗaya. Wannan yakan zama DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi ya koma lambar adireshi. Gwada nslookup da sunan wani shafi. Idan ya yi shiru ko ya daɗe, sauya DNS ɗin zuwa 1.1.1.1 na Cloudflare ko 8.8.8.8. Sai dai kada a ruɗe ka da maganar cewa sauya DNS na ƙara saurin intanet. Neman adireshi kawai yake gaggautawa, fayil ɗin da kake saukewa saurinsa na nan yadda yake.

Haka nan shafukan gwada sauri. Layin intanet suke aunawa, ba netwok ɗin cikin gida ba. Idan abin da ke damunka kwafar fayil ne daga wannan kwamfuta zuwa waccan, manhajar iperf3 ce abin aiki: a ɗaya ka rubuta iperf3 -s, a ɗayar iperf3 -c da adireshin ta farko. Layin gigabit mai lafiya yakan ba da kusan megabit 940. Idan ka samu haka amma kwafa na jinkiri, netwok ya fita daga zargi. Duba faifan ajiya, ko manhajar kashe bairos da ke binciken kowane fayil, ko kuma dubban ƙananan fayiloli ne kake kwafa, waɗanda dama sun fi babban fayil guda cin lokaci.

Kafin a wuce: megabit daban, megabait daban. Bit 8 ne ke yin bait 1. Kamfanoni da megabit suke talla, tagar kwafa kuma da megabait take ƙirga. Layin megabit 100 ba zai wuce megabait 12.5 a sakan ba, a aikace 11 da wani abu. Mutane da yawa sun sha kai ƙarar layin da ke aikinsa daidai.

Raina kebul

Nan ne aka fi yin asara, don kebul ba ya mutuwa gaba ɗaya ya huta, rabin mutuwa yake yi. A cikin kebul ɗin Ethernet akwai silin waya takwas, an murɗe su bibbiyu, tagwaye huɗu ke nan. Saurin megabit 100 tagwaye biyu kawai yake buƙata, masu zama a gurbi na 1, 2, 3 da 6. Gigabit kuwa sai duka huɗun. Saboda haka idan sili ɗaya ya tsinke a tagwayen shuɗi ko na ruwan ƙasa, wutar ramin za ta ci gaba da ci, intanet zai ci gaba da zuwa, amma na'urorin biyu sun yi shiru sun sauka daga 1000 zuwa 100. Ba wani gargaɗi. Ofis na iya shekara a haka ana cewa sabar ce ta tsufa.

Dubawa ba wuya. Danna maɓallin Windows da R, rubuta ncpa.cpl, buɗe Ethernet, ka karanta abin da ke gaban Speed. A Linux, ethtool ke nuna shi. Idan katinka da suwic ɗinka duk na gigabit ne amma ka ga 100, kebul ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Sauya shi da wani gajere wanda ka san lafiyarsa, ka sake dubawa. Ka kuma tabbata ita kanta rautar ramukanta na gigabit ne, don akwai masu rahusa da ke tallar Wi-Fi mai gudun ɗaruruwa alhali ramukan bayansu a 100 suka tsaya.

Ɗauki kan kebul ɗin ka kalle shi da kyau a haske. 'Yar robar nan da ke cewa ƙas idan an tura shi, tana nan ko ta karye? Idan ta karye, kan yana zaune ne kawai a ramin, taɓa tebur kaɗan ya isa ya raba shi da haƙoran ciki, sai netwok ya ɗauke na sakan uku ya dawo. Duba kuma ko rigar kebul ɗin ta shiga cikin kan an matse ta, ko silayen ne tsirara suke ɗauke da nauyi. Bi shi har ƙarshensa: ƙarƙashin ƙafar kujera, bakin ƙofar da ke datse shi kullum, inda aka lanƙwasa shi aka buga masa ƙusa.

Masu matse kai da kansu suna da nasu kuskuren. Wani ya ɗauka tunda launukan sun zo iri ɗaya a kai biyun, shi ke nan. Ba haka ba ne. Tsarin T568B ga yadda yake: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Lura da koren: an raba shi gurbi na 3 da na 6, shuɗi na tsakiyarsu. Wanda ya jera tagwayen ɗaya bayan ɗaya don ya fi kyan gani ya sa sigina ɗaya tana tafiya a kan silaye biyu da ba a murɗe tare ba, murɗin nan kuwa shi ke kashe hayaniyar lantarki. Abin haushin, ƙaramar na'urar gwajin kebul mai fitilu takwas za ta nuna komai daidai, don ita haɗuwar waya kawai take gani. A mita biyu zai yi aiki, a mita arba'in sai kurakurai.

Iyakar kebul ɗin jan ƙarfe mita 100 ne. Abin da ya wuce haka a sa suwic a tsakiya ko a koma faiba, kebul ɗin da ke aika saƙo da haske. Cat5e ya ishi gigabit, ba sai an kashe kuɗi a kan wanda ya fi shi ba. Wanda za a guda shi ne mai alamar CCA, alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Yana saurin karyewa, yana raunana sigina a dogon zango, kuma yana ɗaukar zafi idan ana tura wuta ta cikinsa zuwa kyamara ko na'urar Wi-Fi ta rufi.

Wani kuma idan ya ga 100 sai ya shiga saitin kati ya tilasta masa sauri da hannu. Idan ka ɗaure gefe ɗaya a megabit 100 mai aikawa da karɓa lokaci guda, ka bar ɗayan yana zaɓa da kansa, wancan zai gane saurin amma ya koma tsarin aikawa ko karɓa ɗaya bayan ɗaya. Ping zai yi kyau, babban fayil ya riƙa rarrafe. A bar duka biyun a kan zaɓi da kansu, a gyara kebul.

Yarda da sandunan sigina

Sanduna cike a fuskar waya abu ɗaya suke faɗa: wayarka na jin rauta da ƙarfi. Ba su ce rauta na jin wayarka ba, ba su kuma ce akwai sarari a iskar ba. Wi-Fi kamar zaman majalisa ne, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, sauran su jira. Tsohuwar waya da ke can ƙarshen gida tana magana a hankali saboda nisa, lokacin kowa take cinyewa. Rautocin maƙwabta da ke tasha ɗaya da taka su ma suna cikin layin jiran.

A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11, da faɗin 20 MHz. Mai zaɓar 3 ko 9 don ya ga ba kowa a kai ya shiga tsakanin biyu ne, yana shan hayaniya daga hagu da dama. Buɗe faɗin zuwa 40 MHz a wurin da gidaje ke manne da juna ƙara wa kai matsala ne. A zangon nan kuma Bluetooth yake, na'urar ɗumama abinci ta maikurowef ma a kusa da 2.45 GHz take aiki, har faifan USB 3.0 da aka jona kusa da eriya yana iya dagula shi. Duk na'urar da ke iya 5 GHz a mayar da ita can, a sani dai bango ya fi tare shi. Umarnin netsh wlan show interfaces zai nuna maka tashar da kake kai da saurin da aka daidaita a kansa, wanda shi ma kusan rabinsa zuwa kashi biyu cikin uku kake samu a aikace.

Wurin ajiye rauta ya fi duk wani saiti tasiri, shi ne kuma aka fi wasa da shi. A ƙasa, bayan talabijin, cikin kabad ɗin ƙarfe, a kusurwar gini inda rabin siginar ke fita titi. Tsakiyar gida take so, a sama, a fili. Ƙure ƙarfin eriya ba ya magance nisa, don wayar da ke aljihu ba ta da ƙarfin mayar da amsa daga can.

Sai na'urar ƙara zango. Akan kai ta ɗakin da babu sigina a jona, alhali ita maimaita abin da ta ji take yi. Idan rarrauna ta ji, rarrauna za ta bayar, da sanduna cike. Wurinta tsakiyar hanya ne, inda siginar ke da sauran ƙarfi. Ko a can, mai rediyo ɗaya tana raba sauri kusan biyu, tunda sai ta saurara sannan ta maimaita a tasha guda. A ganina duk inda za a iya jan kebul zuwa na'urar Wi-Fi ta biyu, a ja. Wahalar yini ɗaya ce.

Rauta ta biyu, da kebul mai kai biyu a wuri ɗaya

An sayi sabuwar rauta, tsohuwar kuma aka ce kada ta zauna banza, aka kai ta wani ɗaki aka jona. Ba laifi, in an kashe mata DHCP, wato aikin raba wa na'urori adireshi. In ba a kashe ba kuma aka jona ta ramin LAN (ramukan da ake jona na'urorin cikin gida), to masu rabon adireshi sun zama biyu, kuma kowace na'ura wanda ya riga amsa mata take bi. Alamarsa mai rikitarwa ce: wannan kwamfutar na aiki waccan ba ta yi, gobe su yi musaya. Rubuta ipconfig /all a wadda ba ta aiki ka duba layin DHCP Server. Idan ba adireshin babbar rauta ba ne, ka kama ɓarawon. Idan kuma ta ramin WAN (ramin da layin intanet ke shiga) aka jona ta, intanet zai zo, amma gidan ya rabu netwok biyu, mai zaune a wancan ɓangaren ba lallai ya ga firinta ko babban fayil ɗin da aka raba ba. Gyaran duka ɗaya ne: a mayar da ita yanayin na'urar Wi-Fi zalla idan tana da wannan zaɓin, in babu a kashe DHCP, a ba ta adireshin da ba kowa a kai, a jona LAN da LAN.

Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin na'urar ta nemi adireshi ba wanda ya amsa, sai ta raɗa wa kanta. Kada a ɓata lokaci a kan burauza. A duba hanya zuwa rauta, ko kuma adireshin da aka ware don rabo ne suka ƙare saboda yawan wayoyi. Firintar da ke ɓacewa duk bayan 'yan kwanaki kuwa, sau da yawa an rubuta mata adireshi da hannu ne a cikin jerin da rauta ke rabawa, ranar da aka ba wa wata waya lambar nan sai su yi karo. A keɓe mata adireshin daga cikin rauta.

Wanda ya fi kowanne ɓarna shi ne zobe. Wani ya ga kan kebul na lilo a bayan tebur, ya ga rami a suwic ba kowa, ya yi taimako ya tura. Ashe ɗayan kan ma a suwic ɗin yake, ko a wani suwic da dama an haɗa su. Saƙon Ethernet ba shi da ma'aunin da zai kashe shi idan ya yi ta zagaye, don haka duk sanarwar da aka aika wa kowa da kowa sai ta riƙa kewayawa tana ninkuwa. Cikin sakanni komai ya tsaya. Ka kalli fuskar suwic ɗin: fitilun duka suna ƙyafce-ƙyafce tare da gudu, ba irin ƙiftawar nan ta yau da kullum da kowace ke yin tata ba. Radia Perlman ta ƙirƙiro maganin wannan tun 1985 tana aiki a kamfanin Digital Equipment Corporation, tsarin da ake kira Spanning Tree, amma ƙananan suwic marasa saiti da yawa ba su da shi. Da su sai a bi ta hannu: zare kebul ɗaya-ɗaya, wanda ka zare fitilu suka lafa, bi shi ka ga inda ya je. Wayar tebur ta ofis mai rami biyu a baya, wadda aka jona duka biyun a bango, ta sha jawo wannan.

Manta da abin da ke fita

Kowa saukewa yake kallo. Amma a yawancin layuka hanyar turawa ta fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma waya ɗaya da ta shigo gida ta fara tura bidiyoyinta zuwa ma'ajiyar intanet ta isa ta cika ta. Idan ta cika, rauta ko modem na tara saƙonni a dogon layi, har ƙaramin saƙon muryarka ya tsaya bayan bidiyon wani. Injiniya Jim Gettys ya tono wannan a 2010 bayan ya ci karo da shi a layin gidansa, aka san matsalar da sunan bufferbloat. Gane shi: bar ping zuwa 8.8.8.8 na gudu, ka fara tura babban fayil. Idan lambar ta tashi daga gomiya zuwa ɗaruruwa, shi ne. Ƙarin kuɗin layi ba lallai ya kawar da shi ba. Abin nema a saitin rauta shi ne SQM, wato tsarin sarrafa layin jiran saƙonni, a sa masa kusan kashi 90 cikin 100 na saurin da aka auna, don layin jiran ya dawo hannun rautar da ta iya tsara shi. Manhajar OpenWrt na da shi ga rautocin da ke ɗaukarta. In babu, a taƙaita saurin manhajar da ke turawa, ko a mayar da aikinta cikin dare.

Gyara da garaje

Kashewa a kunna daban, danna ɗan ramin nan na Reset da tsinke daban. Na biyun yana share komai, har bayanan shiga da kamfani ya saka, sai mai neman sauri ya wayi gari ba intanet ɗin ma. Kafin a taɓa saiti a ajiye kwafinsa, ko a ɗauki hoton kowane shafi. Kuma a sauya abu ɗaya a gwada. Wanda ya canza tasha, DNS, kebul da direba (manhajar da ke sarrafa katin sadarwa) a zama ɗaya, ko abin ya gyaru bai san me ya gyara ba, ranar da ya dawo zai fara daga farko.

Idan kwamfuta ɗaya ce ke fama sauran lafiya, a bar rauta ta sha iska. A duba VPN (manhajar da ke bi da saƙonninka ta wata sabar daban) da aka manta a kunne, da saitin tanadin batir da ke kwantar da katin sadarwa, da direba. Idan kuwa kullum sai an kashe rauta an kunna kafin ta yi aiki, wannan alama ce, ba magani ba. A taɓa jikinta a ji zafi, a sabunta manhajar cikinta, sannan a duba adaftar wutarta, wadda ba a cika tunawa da ita ba. Adaftar da ta gaji tana riƙe rauta lokacin da ba aiki, da nauyi ya hau sai wutar ta faɗi rautar ta sake tashi da kanta. Shafin rauta yakan nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne. Idan ka ga minti ashirin alhali ba wanda ya taɓa ta tun safe kuma wuta ba ta ɗauke ba, gwada wata adaftar. Bolt ɗin ya zama daidai da abin da aka rubuta a ƙasan rautar, amfiya kuma daidai ko sama da haka, bakin ma ya zama irin nata.